Inda Aka Binne Cibiyar Emmett

Seattle, 28 ga Maris, 1994

Zuwa ga kakata Marcella,

Shimasani, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ki gaishe mini da Kawu Leland da tumaki, har da baƙar akuyar nan mai cin wanki. Yaya gwiwar? Kada ki ce mini lafiya lau, na san halinki.

Mu nan lafiya muke. Emmett ya cika kwana goma sha tara, tsotso yake kamar an ce gobe za a hana. Babansa Royce ya ce hancinki ya ɗauko, na ce ya yi a hankali kada ki ji. Makarantar koyon jinya ta ba ni hutu zuwa watan Mayu.

Cibiyarsa ta faɗi ranar Talata. Ga ta nan a gwangwanin alewar tari, da 'yar takarda mai sunansa da ranar haihuwarsa. Nan babu inda zan binne ta, hawa na huɗu muke, ƙasan kuma siminti ne. Ke kika sha gaya mini yaron da cibiyarsa ta ɓata yakan ƙare rayuwarsa yana neman abin da bai san sunansa ba. Ina so a binne ta a ƙasan kwazazzabon Tseyi, gindin tuffar gonarmu, kusa da tawa. Duk ranar da ruwan saman garin nan ya ishe ni, abin da ke riƙe ni ke nan: na san akwai wani ɗan yanki nawa can cikin kwazazzabo, a inuwa, yana jirana.

Amma ki ba Kawu ya kai. Ke kada ki sauka, na roƙe ki.

Jikarki,
Dezbah

Chinle, 11 ga Afrilu

Shiyazhi, 'yar ƙaramata,

Wasiƙarki ta same ni a raye, ina cin abinci sau uku. Gwiwar tana nan, ta hagu tana ƙara kamar tsohon ƙyaure, ta dama tana yi mata amshi. Akuya ta amsa gaisuwa, ta cinye rabin ambulan ɗin. Ki gaya wa Royce hancin nan shi ya shinshino wa gidanmu ruwan sama shekara saba'in da ɗaya, yaron ya yi gado mai kyau.

Gwangwani ya iso. Na buɗe na duba, 'yar mitsitsiya kamar busasshen wake. Na yi mata magana, na gaya mata danginta ɗaya bayan ɗaya.

Kika ce in ba kawunki? Leland? Mutumin da ya taɓa manta matarsa a gidan mai a Gallup, sai da ya yi mil ashirin ya ji motar ta yi shiru da yawa? Shi zan ba cibiyar tattaɓa-kunnena? Haba, Dezbah, ina karatun ya tafi?

Mota ba za ta shiga ba yanzu. Ƙanƙarar duwatsu ta narke, rafi ya cika, yashi ya haɗiye motar wani har ƙofa a makon jiya. Ni kuma ba zan bar abin nan ya yi wata uku a saman kabad ba. To ga dama ta samu. Leland zai sauka da baƙi shida masu yawon buɗe ido ranar Alhamis ta sama, a ƙasa, ta tsohuwar hanyar da kakanninmu suka sassaƙa wa ramin hannu da ramin ƙafa. Kwana biyu za su yi a gonarmu. Kin san baƙo ba ya sauka sai da ɗayanmu 'yan ƙasa a gaba. Na ce masa ni ce mai dafa abinci. Ya ce, "Inna, suna da nasu abincin." Na ce, "Na gani, garin katako a leda, a zuba masa ruwan zafi. In suka mutu a gonata wa zai fito da su?"

Har yau ban gane Turawan nan ba. Mutum da gadonsa da katifarsa a gida, ya baro su, ya goya jaka ta fi shi tsawo, ya biya kuɗi don a bar shi ya kwana kan tsakuwa. Mun yi shekaru muna neman gado, su suna gudunsa.

Kada ki ɓata tambarin wasiƙa wajen hana ni. Kafin ta iso na sauka na hau.

Kakarki, mai hanci

Chinle, 2 ga Mayu

Dezbah,

Ina gaishe ku. Na sauka, na hau, ƙafafuna biyu suna jikina.

Akwai abin da ya tsaya mini a ƙirji, ya hana ni cin abinci. Ya daɗe a nan, shekara ashirin da bakwai, amma yanzu ya yi nauyi. Ban shirya faɗa ba tukuna. Leland bai sani ba, kada ki tambaye shi.

Ki rungume mini yaron.

Kakarki

Seattle, 30 ga Mayu

Shimasani,

Gaisuwa, kuma ina fatan wannan ta same ki a tsaye. Mu lafiya, Emmett ya fara bin fitila da ido.

Wannan ce wasiƙa ta biyu, ta farko ba ki amsa ba. Na karanta 'yan layukanki ya fi sau talatin. Babu zolaya ko ɗaya, ko akuyar ba ki ambata ba. Nauyi a ƙirji, rashin cin abinci, bayan hawan dutse, a shekarunki: abin da muke karantawa a aji ke nan, Shimasani. Zuciya ce. Ciwon yana sauka hannun hagu? Kina haki in kin kwanta? Na buga waya kantin da Kawu ke karɓar saƙo, aka ce ya tafi da wasu baƙi.

Ni na jawo. Da ban aiko gwangwanin nan ba da ba ki sauka ba. Ki je asibiti yau, ba gobe ba. In ban ji daga gare ki ba nan da kwana goma, zan ajiye jarrabawa in ɗauko yaro mu taho.

Dezbah

Chinle, 8 ga Yuni

Shiyazhi,

Ina lafiya, ki ajiye jakarki. Malamar jinya ta gari! Mako uku kika yi kina leƙa littafin zuciya, kin kashe ni ta wasiƙa. Zuciyata ƙalau, jiya ni na danne rago aka yi masa sausaya. Kada ki kuskura ki bar jarrabawar nan. Wasiƙarki ta farko ta iso, kunya ce ta hana ni amsawa. Yanzu na fere fensir, ki zauna.

Mun sauka da sassafe. Baƙin nan kowa da sanda biyu kamar gizo-gizo, da takalma masu nauyin dutsen niƙa, ni da siket ɗina da takalmin zuwa kasuwa. A cikinsu akwai wata dattijuwa, Noreen, daga Wisconsin, doguwa, fuska ja kamar an gasa. Taku uku sai ta sunkuya ta tsinci wani abu: murfin kwalba, guntun sigari, ledar alewa. Duk ta jefa a baƙin buhu da ta ɗaura a bayan jakarta. Na ce wa Leland da harshenmu, "Ka zo mana da kaza, tsince-tsince kawai take yi." Ya ce, "Inna, ki yi shiru." Ita kuwa ta juyo, "Me kakar ta ce?" Leland ya ce, "Ta ce kina da ƙoƙari." Na ce, "Ƙwarai, tambaye ta ko tana yin ƙwai." Tun daga nan sunanta Kaza.

Kin tuna gangaren nan mai santsi da ke bayan ramukan ƙafa? Gwiwa ta ce ita ba ta zuwa. Na zauna na ja gindi har ƙasa, baƙi suna tafi suna ɗaukar hoto. Na yi musu gaisuwar sarauniya.

La'asar muka iso gona. Suka kafa tantunansu, ja da rawaya, kamar an shanya wanki. Na soya musu gurasa, na ɗora naman tunkiya, ledojin garin katako suka koma jaka ba wanda ya sake ambatarsu. Tuffa ta yi fure fari fat, bangon dutse ya yi ja har sama, tsuntsaye suna shiga suna fita. Na ce madalla, ga ranar aiki.

Da asuba na fita ni kaɗai da cokali da garin furen masara na addu'a. Na durƙusa gindin tuffa, na haƙa rami, na sa hannu a aljihu. Babu komai sai huda. Gangaren nan ya yage shi.

Dezbah, na zazzage siket, na zazzage bargo, na tona tokar murhu. Ranar da muka hau na duba kowace tsaga, ina cewa hutawa nake yi. Na sake komawa bakin hanyar sau biyu. Cibiyar Emmett ta ɓata a hannuna, ni da na ce Leland ne mai mantuwa. Ban gaya wa kowa ba.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi shi tsufa.

Ramin da na haƙa, ba kusa da taki na haƙa shi ba, don taki ba ta nan. Ba ta taɓa zuwa gindin tuffa ba.

Shekarar da aka haife ki, kakanki yana kwance. Asibiti suka ba ni takarda a kan ciwonsa. Aji uku na yi na gudo, ina iya haɗa baƙi amma kalmomin nan dogaye sun fi ƙarfina. Kwana uku ina yawo da ita kafin in sami wanda ya fassara mini daidai, kwana ukun da ya kamata a ce yana shan magani. A cikin makon nan mahaifiyarki, wadda ta rasu ba ma kiran sunanta yanzu, ta danƙa mini cibiyarki ta ce in kai gona. Kin san yadda ake yi: inda aka sa cibiya, nan hankalin yaro yake komawa. Mai son masaƙiya ya sa gindin masaƙa, mai son makiyayi ya sa a turke. Na kama hanya, na biyo ta bayan makarantar firamare, na ji yara suna karatu da ƙarfi. Ƙafata ta ƙi gaba. Na ratsa ta ƙarƙashin wayar shinge, na haƙa da cokali, na sa ki a nan. Na dawo gida na ce wa kowa kina gindin tuffa.

Kika tashi ba ki son tumaki, sai littafi. Kika tafi Flagstaff, kika ƙara gaba, har kika kai inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Mutane suna cewa yaran zamani ne. Ni na san wanda ya kore ki, da cokalin shayi.

Kika rubuto cewa abin da ke riƙe ki shi ne kina can a inuwa. Ba kya inuwa, 'yata. Sun zuba siminti a wurin, yara suna buga ƙwallon kwando a kanki tun safe har yamma.

Na yi wa uwa ƙarya, na ɓatar da ta ɗa. Abin da ke ƙirjin ke nan, babu shi a littafinku.

Kakarki

Seattle, 24 ga Yuli

Shimasani,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwoyi biyu. Emmett ya yi ƙiba, yana juyawa da kansa. Na ci jarrabawa.

Na san shiruna ya yi tsawo, kuma na san abin da kika ɗauka. Sau huɗu na fara rubutu ina yagawa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Mako biyu in na rufe ido na nemi tuffar nan sai in ga siminti. Na Emmett kuma na yi kuka, har Royce ya shiga wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Ranar Laraba aka kawo wani tsoho ɗakin da nake koyon aiki, daga ƙauyukan Alaska. An ba shi takarda, ya riƙe ta yana juyawa, yana murmushi irin na wanda bai gane ba kuma ba zai tambaya ba. Na ja kujera na zauna, muka bi ta layi-layi har ya gane. Da na fito sai na tsaya a bakin famfo na kasa motsi. Kwana uku kika yi kina neman mai ja miki kujera.

Ba kore ni kika yi ba, aike na kika yi. Ki bar ni a inda nake, yara su yi ta bugawa. Na gode da cokalin.

Ta Emmett kuwa, a Tseyi ta faɗi, ko ba a gindin tuffa ba tana gida. Haka nake gaya wa kaina, wasu ranakun har in yarda. Ki ci abinci.

Jikarki,
Dezbah

Chinle, 17 ga Oktoba

Shiyazhi, 'yar aikena,

Ina lafiya, ina ci, har siket ya fara ƙorafi. Wasiƙarki tana cikin gwangwanin kofi inda akuya ba ta kaiwa. Sau nawa na karanta, ba ruwanki. Ki gaishe da mai wanke kwanuka.

Yanzu ki ba Royce yaron ya riƙe, kada ki yar da shi.

Ranar Litinin ina tsefe ulu a ƙofar gida, sai ga wata 'yar mota shuɗiya ta sha ƙura. Leland ya fito ta wannan gefe yana washe baki, ta ɗaya gefen kuma wa zan gani? Kaza! Na ce a raina, sharar garinsu ta ƙare ta zo neman tamu.

Ta gaishe ni, ta zauna, ta zare wani ƙaton fil daga aljihun rigarta, ta ciro abu a ƙulle cikin hankici. Gwangwanin alewar tari.

Ban iya magana ba. Ni fa, mai bakin nan! Leland ya ce tunda aka haife shi bai taɓa ganin haka ba, ya so ya kira maƙwabta su shaida.

Ga yadda aka yi. Ranar da na ja gindi a gangare, tana bayana. Ta ga gwangwani a yashi, ta ce wani ƙazami ya yar, ta jefa a buhu. Ranar da muka hau kuwa ita ce a gabana. Ina leƙa tsaga ina share hawaye, buhun nan yana lilo a gaban wannan hancin da ake yabo! Ashe ita ba ta zubar da shara haka nan, sai ta kai gida ta ware ƙarfe daban, takarda daban. Buhun ya shige bayan kayan tanti a rumbunta, sai watan jiya ta zazzage shi. Ta ji abu yana ƙara a gwangwani, ta buɗe, ta ga sunan yaro da ranar haihuwa.

Na ce Leland ya tambaye ta yaya aka yi ta gane abin. Ta ce, "Huɗu na haifa, na san cibiya in na gan ta. Nawa duk a kwandon asibiti suka ƙare." Ta buga wa Leland waya, shi ya gaya mata abin da muke yi da ita. Ya ce ta sa a wasiƙa. Ta ce a'a, abin da ya ɓata sau ɗaya ba a sake ba shi hanya shi kaɗai. Kwana uku tana tuƙi.

Leland ya dube ni ya ce, "Inna, wato tun watan Afrilu..." Na ce, "Kai, rufe mini baki, ni aƙalla ba mutum sukutum na manta a gidan mai ba."

Sai na ce ya gaya mata gaskiyar sunan da na sa mata, ba ƙari ba ragi. Ya yi ta noƙewa, ya dai faɗa. Ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce, "Ai na sani! Kakar tana yi mini kukan kaza a baya duk lokacin da na sunkuya, ta ɗauka kurma ce ni?"

Rafi ya bushe yanzu, mota tana shiga. Kaza ta ce ita da ƙafa za ta sauka, Leland ya samo mata mai ja gaba. Na ce a sauka lafiya, ni ba ni da sauran abin nuna wa kowa, na hau gaban mota da gwangwani a cikin rigata, na maƙale shi da fil biyu. Muka haɗu a gona. Tuffa ta nuna har rassa suna taɓa ƙasa, ganyen bakin rafi duk ya koma rawaya. Ta kafa tantinta, na dama mana kunun shuɗiyar masara da toka, ta sha kwano biyu.

Da gari ya waye na tafi gindin tuffa. Ta tsaya can nesa, ta juya baya, don ta san ba nata ba ne. Na kira ta. Na ce wanda ya goya abu wata biyar ya isa ya ga inda aka sauke shi. Ramin watan Afrilu yana nan, iska ta ɗan cike shi. Na sake buɗe shi da cokalin nan dai, na sa cibiyar, na yayyafa garin furen masara, na kira sunansa wajen fitowar rana. Ita ta mayar da ƙasa. Gwangwanin kuma ta miƙo hannu ta karɓe, wai ƙarfe ne, ba a barinsa a nan. Na cika mata bayan mota da tuffa, na ɗora mata ƙaramin bargon da na saƙa bara. Ta ce ya yi yawa. Na ce tsaba ce, kaza ba ta ƙin tsaba.

Na yi wani abu kuma, ban nemi izininki ba. Kin ce in bar ki a makaranta, na bar ki. Amma na bi ta can na ɗebi ƙasa cokali ɗaya a gefen simintin, wani malami yana kallona ta taga kamar ya ga mayya. Na zuba ta a ramin Emmett. Yanzu in kin rufe ido kin nemi tuffa, ki neme ta da gaskiyarki, akwai ki a wurin daidai cokali.

Shi kuwa yaron nan, ki shirya. Cibiyarsa ta taso daga bakin teku, ta sauka kwazazzabo, ta hau, ta je Wisconsin ta yi damina a buhun shara, ta dawo. Zai yi yawo, wannan babu makawa, ki fara tara masa takalma. Amma wanda ya je ya dawo tun bai yi haƙori ba, ba na jin tsoron ya ɓata.

Ki kawo shi in an yi hutu, ya ga inda yake. Za ki same ni da baƙin buhu a ɗaure a ƙugu, jiya murfin kwalba goma sha ɗaya na tsinta a hanyar turke. In kika gaya wa Leland, ba ni ba ke.

Kakarki, mai hanci